Shawara kan burin wagga sabuwar shekara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarar da ta wuce kowa ya ji a jikinshi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗi ba su da auki, ga ambaliya da ta cinye ma wasu shinkafa a fadama.

Shawarata, in za ka sa buri kada ka auna shi da naira, auna shi da kaya. Wanda ya ce zai tara dubu 200 kafin noman rani, ko ya tara sai ya iske taki da man injin ban ruwa sun tsere mishi, kuɗin na hannu amma ba su sayen abin da ya yi niyya. Amma in ka ce buhu 2 na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, zan aje tun kaka, ko ɗan rago zan saya yanzu in kiwata har layya, wannan kana ganinshi da idonka kuma in kasuwa ta tashi da kai ta tashi. Buhun dai a ɗora shi bisa katako, kada ya taɓa ƙasa sanyi ya kama shi.

Mata masu adashe, don Allah ranar kwasa a wuce kasuwar Jega ko Argungu kai tsaye, in kuɗin sunka kwana gida biki da anko za su raba su.

Mai bashi kuwa ya fara da ƙarami, na mai shagon unguwa, tunda gobe ma wurinshi za a koma.