Yadda ake koyon busa okarina, da abin da za ka duba kafin ka fara tara ta

Okarinar da na fara mallaka shuɗiya ce mai sheƙi, na saye ta ta intanet saboda arha. Wata uku ina fama da ita kullum bayan la'asar, sauti na fita a karkace, ni kuma ina ɗora wa kaina laifi. Sai ranar da wani abokina ya miƙo mini tasa ta roba, na busa, nan take do-re-mi ta zauna daram. Ashe tun daga wurin gini aka ɓata tawa, ba a daidaita ramukanta ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce masa ya nemi guda ɗaya mai kyau, ya zauna da ita har numfashinsa ya san ta, maganar tarawa ta biyo baya.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, okarina abin busa ne da aka fi yi da yumɓu, girmanta bai wuce tafin hannu ba, kuma fasalinta kamar dankalin Hausa, har ma Amurkawa da sunan dankalin suke kiranta. Wani matashi ɗan shekara 17, Giuseppe Donati, shi ya fito da irin wadda muke busawa yau, a garin Budrio kusa da Bolonya a Italiya, a 1853. Ma'anar sunan a harshen mutanen wurin ita ce ƙaramar dinya. Kafin shi da dubban shekaru mutanen Sin na busa wata ta yumɓu mai kamar ƙwai da suke kira shun, mutanen Maya da Aztek na nahiyar Amurka ma tun kafin zamaninsa suna gina nasu da siffar tsuntsaye da dabbobi.

Ka nemi mai rami 12, wadda ake rubuta wa Alto C. Takashi Aketagawa na Japan ne ya kawo wannan tsari na rami 12, kuma yawancin darussan da za ka samu a kansa aka gina su. Tana ba ka daga la ta ƙasa zuwa fa ta sama, sauti 13 a jere, sun ishe ka waƙoƙi da yawa. Kada ka raina ta roba. Night by Noble da Focalink duk suna yin ta roba mai daidaitaccen sauti, ko ta faɗi ba ta fashewa. Wadda zan ce ka guje wa ita ce irin tawa ta farko. Tun da kamfanin Nintendo ya fitar da wasan bidiyo na Zelda mai okarina a 1998 kasuwa ta cika da kwaikwayon shuɗiyar da ke cikin wasan, da yawansu kayan ado ne kawai.

Riƙo ba wuya. Wutsiyar ta kalli damarka. Hannun hagu ya zagayo ta gaba, tafinsa na kallonka, na dama kuma tafinsa na kallon waje, manyan yatsu biyu suna toshe ramukan ƙasa. Da tsokar yatsa ake toshewa, a kwance, ba da bakin farce ba. In ka danna kaɗan ka ɗaga, ya kamata ka ga zoben ramin cikakke a fatar yatsanka. In zoben ya yanke, to ta nan iska ke zurarewa, kuma ita ce ke sa sautin ƙasa ya riƙa rawa.

Daga do, kana ɗaga yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, ka fara da ƙaramin: re, mi, fa, so. Sai hagu, ka bar ƙaramin yatsa a wurinsa, ka ɗaga sauran ukun daga na kusa da shi: la, ti, do. Sannan babban yatsan hagu, na dama, ƙaramin yatsan hagu a ƙarshe. Ƙananan ramuka biyun da suka rage na sautukan da ke ƙasa da do ne, ka ƙyale su tukuna.

Numfashi shi ne inda aikin yake, kuma a nan na fi daɗewa. Sarewa doguwar kafa ce, wurin da ramin yake shi ke yanke sauti. Okarina kuwa rufaffen ciki ce, kamar kwalbar da yaro ke hura wa iska a baki. Abin da ke sauya sautinta shi ne yawan faɗin ramukan da ke buɗe gaba ɗaya, da kuma ƙarfin iskar da ka tura. Ka hura da ƙarfi, sauti ya haura inda bai kamata ba; ka sassauta, ya faɗo. Don haka kowane sauti da nasa ma'aunin iska: na ƙasa na son numfashi mai taushi kamar kana huce shayi, na sama na son ƙari, a hankali a hankali kana hawa. Ka sauke manhajar auna sauti a wayarka, ka riƙe sauti ɗaya na daƙiƙa takwas ko goma kana kallon allurar, har ta daina lilo. Minti goma na wannan kullum. Na san abin da gundura, ni ma sai da na tilasta wa kaina, amma bayan mako biyu kunnena ya fara gaya mini na kauce tun kafin in dubi wayar. Kowane sauti kuma ka buɗe shi da harshe, kamar za ka ce "tu" ko "du", kada ka riƙa yanke iska daga maƙogwaro.

Idan ka kai sautukan sama yatsu sun ƙare a jikinta, sai ka ji kamar za ta suɓuce. Ka dafa wutsiyar da ƙaramin yatsan dama, ka rataya igiyarta a wuya. In sautin ya fita da huci, sunkuyar da kai ka kusanto da ita ƙirji, sau da yawa yana washewa. In kuma ta dushe ana cikin busa, tururin baki ne ya taru a hanyar iska: toshe tagar da ke ƙarƙashinta da yatsa, ka hura da ƙarfi sau ɗaya. Da sanyin hunturu nakan riƙe ta yumɓu a tafin hannu na ɗan lokaci kafin in fara, don mai sanyi sautinta na yin ƙasa.

Sai batun tarawa. Yanzu ina da guda tara, kuma abin da nake bi shi ne kowace sabuwa ta zo da abin da sauran ba su da shi. Akwai 'yar ƙaramar da ake ratayawa a wuya, mai rami huɗu, tsarin da John Taylor na Ingila ya ƙirƙiro a 1964, huɗun nan kaɗai na ba da do zuwa do. Akwai babba mai murya mai kauri, da mai ciki biyu wadda ke ƙara maka sautukan sama. Wadda na fi ji da ita ta Budrio ce, jar ƙasa ba fenti, mai rami 10, tana son iska fiye da na Asiya. A garin har yau akwai gidan tarihin okarina, da ƙungiyar mabusa da ke haɗa guda bakwai masu girma daban-daban. Tsofaffi kuwa, irin na H. Fiehn na birnin Biyana a Ostiriya, suna da kyau a ido, amma wasunsu an daidaita su a kan ma'aunin sauti na da, ba lallai su tafi da kayan kiɗan yanzu ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka nemi mai sayarwa ya turo maka bidiyo yana busa ita wannan ɗin, daga ƙasa har sama, da hoton tagar ƙarƙashi a kusa. Gefen tagar nan shi ke yanka iska, in ya ɓantare ko kaɗan muryar ta tafi. Tsagewa a wutsiya ana iya liƙewa a ci gaba da busa.

Wajen ajiya, kowace da jakarta mai laushi, kada biyu su haɗu suna gogar juna. Na taɓa rasa ɗaya a kan tayil don na ɗora ta a hannun kujera na tashi ɗaukar waya. Ƙurar hunturu kuma na shiga hanyar iska, sai in yanki siririyar takarda mai ɗan kauri in zura a hankali in fitar. Wadda ba a yi wa fenti ba kada ka jiƙa ta, busasshen ƙyalle ya isa.