Yadda ake raba wa ESP32 aiki da FreeRTOS don kula da tankin ruwa

Na'urar farko da na haɗa don kashe famfon bohol idan tanki ya cika ta yi mako biyu lafiya lau. Ranar da batirin ƙaramar na'urar Wi-Fi ta gidan ya mutu, sai na dawo na tarar da ruwa yana kwarara daga saman tanki, ya bi ƙafafun ƙarfe ya malale tsakar gida har bakin zaure. Fulot, wato makunnin da ke yawo a kan ruwa, bai lalace ba, rile mai kunna famfo da kashe shi ma ƙalau yake. Matsalar tana cikin tsarin da na rubuta: duba ruwa, rubutu a allo da tura saƙo duk suna cikin loop() guda, wato zagayen umarnin da na'urar ke ta maimaitawa, kuma na ce wa na'urar ta yi ta neman Wi-Fi har sai ta samu. Tana can tana nema, famfo yana ta zuba.

Irin wannan ce ta sa ake amfani da manhajar da ake kira RTOS. Ba sauri take ƙara wa na'ura ba. Aikinta cika alƙawarin lokaci: abin da aka ce a duba kowane kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, za a duba shi a kan kari, ko da sauran ayyuka sun maƙale. Wadda za mu yi aiki da ita ita ce FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fara a 2003, kamfanin Amazon ya karɓi kula da ita a 2017, kuma kyauta ce ƙarƙashin lasisin MIT. Allon ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016, da ita yake tashi. Ko loop() ɗin da ka saba da shi, aiki ne guda a cikinta, mai fifiko na 1.

Da farko ka tanadi kaya: allon ESP32, makunnin fulot, rile, ƙaramin allon nuni idan kana so, da wayar USB. Ka tabbatar wayar mai ɗaukar bayanai ce, don da yawa daga na kasuwa caji kawai suke yi, kwamfuta ba za ta ga allon ba. Ka sauke Arduino IDE, ka shiga Boards Manager ka girka kunshin esp32 na Espressif. Idan har yanzu tashar USB ta allon ba ta fito a Arduino IDE ba, duba ɗan guntun da ke kusa da bakin USB, yawanci CP2102 ne ko CH340, ka girka direbansa. Ƙafafun ESP32 bolt 3.3 suke ɗauka, kada ka shigar musu da 5.

Mataki na biyu a takarda ake yin sa, kuma a nan nake so ka daɗe. Rubuta duk abin da na'urar za ta yi, sannan ka tambayi kowanne: idan ya makara, me zai lalace? Kashe famfo idan ya makara, an yi asarar ruwa da wuta, wani lokaci har katangar maƙwabci ta jiƙe. Allon nuni idan ya makara daƙiƙa ɗaya, babu wanda zai lura. Saƙon waya kuwa ko ya yi minti biyar a hanya, ba a rasa komai ba. To haka fifikon zai kasance: famfo 3, allo 2, saƙo 1. A FreeRTOS babbar lamba ita ce gaba, kuma a ESP32 lambobin daga 0 ne zuwa 24. Na sha ganin masu koyo suna ɗaga aikin Wi-Fi sama saboda shi ya fi ba su wuya wajen rubutawa. Wahalar rubutu daban, gaggawa daban.

Daga nan sai haɗa waya. Fulot a ƙafa ta 25 da INPUT_PULLUP, rile a ta 26. Ka guji 34 zuwa 39 a wannan wurin, don shigarwa kawai suke karɓa, kuma ba su da resista ta ciki mai ja sama. Ka juya fulot ɗin yadda zai rufe idan ruwa ya yi ƙasa, ya buɗe idan ya cika. Amfanin haka shi ne duk ranar da ɓera ya ci wayar ko rana ta ƙona ta ta tsinke, na'urar za ta ɗauka tanki ya cika ta kashe famfo. Gara a wayi gari ba ruwa da a wayi gari da ambaliya.

Yanzu aikin famfo:

void aikinFamfo(void *p) {
  TickType_t baya = xTaskGetTickCount();
  for (;;) {
    bool cike = digitalRead(25) == HIGH;
    digitalWrite(26, cike ? LOW : HIGH);
    xQueueOverwrite(layi, &cike);
    vTaskDelayUntil(&baya, pdMS_TO_TICKS(100));
  }
}

Abu biyu ka riƙe a nan. Aiki ba ya ƙarewa, yana zagaye ne har abada. Idan dole ne ya ƙare, sai ya kira vTaskDelete(NULL). Na biyun shi ne layin ƙarshe, inda aikin yake barci. Mai rabon lokaci na FreeRTOS kullum yana miƙa ragama ga aikin da ya fi fifiko cikin waɗanda ke a farke. Idan famfo bai taɓa barci ba, na ƙasa da shi a cibiyar sarrafawar da yake ba za su samu ko numfashi ba. Na zaɓi vTaskDelayUntil a kan vTaskDelay saboda ita tana lissafi daga lokacin farkawar baya, don haka zagayen ba ya zamewa a hankali. Ita kuma pdMS_TO_TICKS kada ka tsallake ta: a Arduino bugun agogon FreeRTOS 1000 ne a daƙiƙa, amma a ESP-IDF, kayan rubuta manhaja na Espressif, 100 ne idan ba ka canza ba, kuma lamba tsirara za ta ba ka lokaci daban a wuraren biyu. Ka kuma duba rilenka, don wasu da LOW suke kunnuwa, sai ka juya LOW da HIGH a layin digitalWrite.

A cikin setup(), bayan ka saita ƙafafun, ka ƙirƙiri layin saƙo tukuna, wato inda aikin famfo ke ajiye halin tanki don sauran ayyuka su gani, sannan ayyukan:

layi = xQueueCreate(1, sizeof(bool));
xTaskCreatePinnedToCore(aikinFamfo, "famfo", 3072, NULL, 3, NULL, 1);
xTaskCreatePinnedToCore(aikinSako, "sako", 8192, NULL, 1, NULL, 0);

ESP32 na asali cibiyar sarrafawa biyu gare shi, 0 da 1, kuma harkar Wi-Fi tana kan 0. Shi ya sa na ɗaure famfo a kan 1, nesa da hayaniyar. Lambobin 3072 da 8192 girman wurin ajiyar kowane aiki ne, wanda ake kira sitak. A ESP32 da bayit ake ƙirga shi, alhali a FreeRTOS ta asali da kalma ake ƙirgawa, saboda haka idan ka kwafo misali daga wani allo ka sake lissafi. Aikin saƙo ya fi cin wuri, musamman idan da HTTPS yake turawa.

Aikin saƙo da na allo ba sa taɓa fulot. Da xQueuePeek suke leƙa layin su ga halin da tanki yake ciki, ba tare da sun ɗauke saƙon ba. Aikin saƙo zai iya kwana yana neman Wi-Fi, muddin yana barci tsakanin gwaji da gwaji, famfo ba ruwansa.

Inda abu yake da haɗari shi ne idan ayyuka biyu suna amfani da kaya guda, misali allon nuni da agogo a kan wayoyin I2C ɗaya. Sai ka sa makulli: xSemaphoreCreateMutex() sau ɗaya, xSemaphoreTake kafin taɓawa, xSemaphoreGive da zarar an gama. Akwai tarihi a kan wannan. A watan Yulin 1997, kumbon Mars Pathfinder na hukumar NASA, wanda ke aiki da VxWorks, ya riƙa sake tashi da kansa bayan ya sauka a duniyar Mars. Wani ƙaramin aiki ne ya riƙe makulli, matsakaicin aiki ya hana shi gamawa, babban aiki kuma yana tsaye yana jiran makullin har mai gadi, wato agogon da ke lura ko aiki ya maƙale, ya ga shiru ya sake tayar da kwamfutar. Daga nan duniya aka aika gyara, aka kunna gadon fifiko, wato mai riƙe da makulli ya ari matsayin wanda ke jiransa har ya saki. Makullin FreeRTOS yana da wannan, amma xSemaphoreCreateBinary ba ta da shi, don haka kada ka musanya su. Ni dai aikin famfo ba na barin sa ya jira kowane makulli.

Loda tsarin, ka buɗe Serial Monitor a 115200. Idan lodawa ta tsaya a ɗige-ɗige, danne maɓallin BOOT har ta fara. Saƙon da ke ambaton stack canary yana nufin wurin ajiyar wani aiki ya cika, ka ƙara masa. Wanda ke ambaton task watchdog kuwa, wani aiki ne ya ƙi barci har daƙiƙa 5. Don ka daina kintace, sa kowane aiki ya buga uxTaskGetStackHighWaterMark(NULL), za ta nuna maka mafi ƙarancin wurin da ya taɓa rage masa.

Idan iska ko zubar ruwa tana kaɗa fulot, famfo zai riƙa kunnuwa yana mutuwa, kuma hakan yana kashe shi. Ka sa fulot biyu, na sama mai kashewa, na ƙasa mai kunnawa. Ƙaramin rile kuma kada ya ɗauki famfon kai tsaye. Kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai ƙarfi, zai tayar, kuma mai gyaran wuta ne zai haɗa wannan ɓangaren.

Kafin ka hau tanki, yi gwajin a kan tebur da bokiti. Kashe Wi-Fi ɗin gidan gaba ɗaya, ka ɗaga fulot da hannu, ka kasa kunne. Ya kamata ka ji ƙas ɗin rile tun hannunka bai sauka ba. Sai ka zare wayar fulot daga ƙafa ta 25 ka ga ko zai kashe, ka bar shi ya kwana a kunne, da safe ka sake duba lambobin sitak.