Shawara ga Ɗaliban Fiziks Masu Son Fahimtar Sarƙewar Kwantum

'Yan uwa ɗalibai, kada ku tunkari sarƙewar kwantum, wato yanayin da ƙananan ƙwayoyin halitta biyu ke haɗewa har awon ɗaya ya danganta da na ɗayar ko da suna nesa da juna, kafin ku ƙware a lissafin matiriks da bekta, domin a can ne yawanci ake tuntuɓe. Laccocin Barton Zwiebach da jami'ar MIT ta Amurka ta sanya kyauta a intanet sun isa su zama harsashi, matuƙar kuna warware tambayoyin da alƙalami.

Bayan haka ku karanta muƙalar Einstein, Podolsky da Rosen ta 1935 da ta tayar da muhawara kan wannan sarƙewa, wadda shafi huɗu ce kacal, sannan amsar John Bell ta 1964. Gwaje-gwajen da suka kai Clauser, Aspect da Zeilinger ga lambar Nobel a 2022 za su fi armashi idan kun riga kun fitar da ƙa'idar Bell, wato lissafin da waɗannan gwaje-gwaje suka jarraba, da hannunku.