Yadda Ake Ajiye Mota Mai Ɗakin Kwana a Bakin Teku

1. Kafin tashi, rufe tukunyar gas. Kada ka cika tankin ruwa fal: lita 100 kilo 100 ne, kuma da yawa daga cikin motocin nan iyakar nauyinsu kilo 3,500 ne.

2. Da isarka, sauka ka taka wurin da ƙafa, domin yashi mai laushi yana haɗiye tayoyi. Nemi ƙasa mai tauri, can sama da layin da busasshiyar ciyawar teku ta taru. Nan ruwa ke kaiwa idan teku ta cika, galibi sau biyu a rana.

3. Sa katako ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa, ka ja burkin hannu. Firijin gas ba ya sanyi sosai in mota ta karkace.

4. Bayan dawowa, wanke ƙarƙashinta da ruwan famfo, gishiri yana kawo tsatsa.