Neman izinin gini a ƙaramin gari: kurakuran da na gaji da gani

Aikina zana taswirar gidaje da bin fayil a ofishin tsara gari, kuma na gaji da ganin sababbin masu gini suna afkawa rami guda. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, sai mutum ya ɗauka da gaisuwa da sanayya ake samun izinin gini. Daga nan yawancin asarar ke farawa.

Mafi muni shi ne fara aiki da izinin baki. Ka kai takardunka, jami'i ya ɗan duba ya ce, "Je ka fara, Malam, ba komai, takarda za ta biyo baya." Kai kuma kunya ta hana ka cewa ya rubuta maka. Ka haƙa harsashi, ka zuba kankare, bulo ya tashi. Wannan ya taɓa cin wani aiki da nake kula da shi. Gini ya kai linta aka yi wa jami'in da ya ba mu izinin baki canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil bai ga sa hannu ba, bai ga hatimi ba. Da safe muka tarar da jan fenti a jikin katanga, an ce a dakata. Damina ta sauka a kan siminti, leburori suka watse, mai gida kuma ni ya riƙe da laifin. Sabon jami'in bai zalunce mu ba, abin da ke cikin fayil shi ya gani. Tun daga nan ba na bari a kafa ko turke sai taswira mai hatimi da takardar amincewa suna hannuna. Haba ɗan'uwa, za ka zuba gumin shekarunka cikin ƙasa, amma ka kasa haƙurin jiran takarda?

Wasu kuma suna zaton takardar mallakar fili ta wadatar. Ita tana nuna filin naka ne kawai. Abin da za ka gina a kai, da tsayinsa, da ko gidan zama ne ko shaguna, wannan izini ne daban. Ka tabbata sunan da ke jikin takardar fili shi ne a jikin takardar neman izini. Idan saye ka yi ko gado, a gyara sunan tun kafin ka kai fayil.

Wani abin kuma da ke tayar mini da hankali shi ne iyaka da tazara. Mai sayar da fili ya nuna maka da yatsa, "daga bishiyar can zuwa nan," kai kuma ka yarda. Ka kira safiyo ya auna, ya nuna maka duwatsun iyaka, a zana taswirar fili da ma'auninta. Sannan ka tambayi ofishin tazarar da ake bari tsakanin gini da hanya, da tsakaninka da maƙwabci, domin kowane gari da nasa ƙa'idar. Kwaɗayin ƙara ɗaki ɗaya ke sa mutum ya cinye wannan tazara, ya toshe magudanar ruwa, ko ya shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ranar da za a faɗaɗa hanya, da shi za a fara, kuma da wuya ya ga diyya a kan abin da ya gina ba bisa ƙa'ida ba. Har wurin masai da rijiya sai ya fito a taswira. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, amma sai ka ga an manna su gefe da gefe, yara na shan ruwan.

Sai masu canza gini bayan an amince. An ba ka izinin gida na ƙasa, kuɗi suka shigo, ka ce wa birkila a ɗora bene. Harsashin ba a lissafa shi da wannan nauyi ba, kuma ran mutane za ka saka a ciki. Ka koma wurin injiniya ya sake lissafin rodi da ginshiƙai, a kai gyaran ofis a sake bugawa hatimi.

Kar ka ari taswirar gidan abokinka ka goge suna, fili da fili ba ɗaya ba ne. Kar ka biya ko sisi ba rasit, kuma ka biya a inda hukuma ta ce, ban da hannun ɗan tsakani. Ka duba wa'adin izinin, a wurare da yawa yana ƙarewa idan ba a fara aiki ba.

Ni al'adata, kafin a zuba kankare a harsashi ko a kan bene, sai na kira mai duba gini ya ga rodin da idonsa, domin da zarar an rufe babu mai sake ganinsa sai an fasa. Wasu abokan aikina suna ganin ɓata lokaci ne, ni dai ban daina ba. Ina ɗaukar hoton kowace takarda da waya, asalin ya zauna a gida, kwafi ɗaya mai hatimi kuma yana wurin aiki a hannun shugaban magina, don duk jami'in da ya biyo a miƙa masa nan take.