Yadda na fitar da motata da ta kafe a yashi a hanyar kufan masu haƙar ma'adinai

Ranar Asabar muka ce bari mu leƙa wani kufai cikin hamada, garin da aka yi haƙar ma'adinai aka watse. Har mun fara hango kwanukan rufi masu tsatsa sai motar ta kafe a wani kwari, ni kuma da wauta na dinga danna totur, tayoyi na ta wulwulawa suna haƙa wa kansu rami har cikin motar ya kwanta kan yashi. Kuskuren ke nan, kar ka yi.

Da na huce sai muka sauke kaya, na sace iskar tayoyin duka huɗu daga psi 35 zuwa wajen 15 (psi shi ne ma'aunin iskar taya), don idan taya ta baje tafinta ya fi faɗi, sai ta hau kan yashi maimakon ta nitse. Sannan shebur, wallahi nan ne aikin yake, mun kwashe yashin ƙarƙashin motar sai da haske ya ratsa, muka yi wa kowace taya gangare ta baya muka cusa kafet ɗin motar. Na miƙar da sitiyari, na sa 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali, ribas, ƙafa a hankali kamar mai taka ƙwai, ta bi sawunta ta fito.

Da ƙarancin iskar nan banda shan kwana da ƙarfi, taya na iya ficewa daga rim. Da muka dawo kan burji na mayar da iskar da ƙaramin kwamfireso, kafet ɗaya dai can muka baro shi a binne.