Yadda Za A Karrama Jami'ar Walwala A Asibitin Gwamnati

Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, don haka ranar ritayar jami'ar walwala, wato mai taimaka wa majinyata masu buƙata, ba ɓoyayya ba ce. A fara shirin karrama ta da wuri.

1. A rubuta wa shugaban asibiti takardar neman izini ta hannun shugaban sashe. In asibitin jiha ne, irin su Barau Dikko da ke Kaduna, a gayyaci Ma'aikatar Lafiya.

2. A tattaro tarihin aikinta. Nan gizo ke saƙar, domin likita kowa na ganin tiyatarsa, ita kuwa wahalarta na cikin fayil: majinyatan da ta nemo wa kuɗin magani, waɗanda ta gano danginsu bayan an gudu an bar su a gado. A tambayi nas-nas, sun fi kowa sani. Amma a cire sunayen marasa lafiya, sirri ne.

3. A yi karo-karo, ban da matsa wa masu ƙaramin albashi.

4. A buɗe taro da addu'ar Musulmi da ta Kirista, Kaduna ce. Jawabi uku ya isa, sai a miƙa lambar yabo, a bar Hajiya ko Madam ta yi nata bayanin.